Gashin Bakin Wosta Rustum

A garinmu Sarnagam, in ka hango gashin baki ya ɓullo ta kwanar masallaci, to gyara zama, Wosta Rustum Wagay na biye da shi. Gashin baki ne na gaske, baƙi wuluk, ya tafi dama ya tafi hagu, kowane ɓangare ya lanƙwashe sama kamar ƙahon rago. Tun yana saurayi aska ba ta taɓa shi ba. Sana'arsa ɗinkin ado da zaren zinariya a wuyan rigunan mata, kuma gaskiya ɗaya ce, a wannan fanni babu mai ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, Wosta Rustum ya ɗauka wanda ya iya allura ya iya komai. Ya taɓa gyara wa liman agogo, tun ranar agogon bai sake motsi ba. Ya taɓa yi wa saniyar maƙwabci magani, washegari unguwa ta ci nama.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙanƙara ta narke da wuri, itatuwan tuffa sun yi fure, rafi ya fara washewa. Kowa na jiran fitowar ƙudan ruwa, ƙwaron nan mai fukafukai a tsaye da siraran wutsiyoyi, wanda kan taso daga ƙarƙashin duwatsu, ya yi rawar yini guda ya mutu. In ya fito, kifin nan mai jajayen ɗigo da Turawa suka zuba mana tun zamanin kakanni sai ya zautu, ya dinga tasowa yana tsintarsa a saman ruwa. Dokar rafi kuwa kowa ya san ta: ba tana, ba raga, ba koma. Sai ƙudan ƙarya, wanda mutum zai ɗaure da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, ya jefa da sanda ya yaudari kifi.

Wata safiya maza na zaune a dakalin Sula mai gurasa, kowa ya cusa hannu cikin feran ɗinsa, burmemiyar rigar ulun nan tamu, ya rungume kangiri, 'yar tukunyar garwashin nan da ba ma rabuwa da ita sai zafi ya kankama. Ana jiran gurasa ta fito daga tanderu, sai Mahda Ju, tsohon mai gadin rafi, ya buɗe tafin hannu yana nuna ƙudan da ya ɗaure. Ɗan mitsitsi ne, launin busasshiyar ciyawa, in ka yi atishawa ya tafi ke nan.

Wosta Rustum ya leƙo, ya murza gashin baki.

"Mahda Ju, wannan fa? Abin da ka sharo daga ƙarƙashin gado ne?"

"Ƙuda ne, Wosta. Haka na Allah yake, haka kifi ke so."

"Haka kifi ke so! Ka tambaye shi? Shekara da shekaru kuna miƙa wa kifi tsumma, ba dole Zaildar ya raina ku ba?"

Zaildar wani tsohon kifi ne da ke kwance a gurbin ƙarƙashin gada, tsawonsa ya kai hannun ƙato. Sunan hakiman zamanin da ne aka laƙaba masa, don shi ma ya kame wuri mafi kyau, duk abin da ruwa ya kawo shi ke fara ci, kuma babu mai isa gabansa. Manyan mutane sun sha zuwa daga birni da sanduna masu tsada, su koma gida da hoton gada.

"Babban mutum ba a tarar sa da tsumma," in ji Wosta. "Ado yake so. Ni da nake sa mata su manta tukunya a wuta saboda wuyan riga, kifi ne zai gagare ni? Ranar da ƙuda ya fito, kafin la'asar zan shimfiɗa muku Zaildar a kan dakalin nan."

"Ka taɓa riƙe sandar fatsa kuwa?" Sula ya tambaya, rabin jikinsa cikin tanderu.

"Sanda da zare da ƙugiya. Allura ce mai dogon hannu, me ya rage?"

Jabbar wanzami ya ajiye kofin shayinsa.

"In kuma aka kira la'asar babu kifi fa, Wosta?"

"Faɗi abin da kake so."

Jabbar dai ya zuba wa gashin bakin ido, irin kallon da manomi ke yi wa gonar maƙwabci in ta isa girbi. Mai hankali a nan sai ya yi dariya ya karɓi gurasarsa ya wuce, amma baki shi ke yanka wuya.

"Na yarda!" Wosta ya doki ƙirji har toka ta tashi daga kangirinsa. "In Zaildar bai kwanta a nan ba, ka aske shi tas a gaban kowa!"

"Kun dai ji," in ji Jabbar.

"Mun ji," dakali ya amsa baki ɗaya, har da wani kurma da aka yi wa bayani da hannu.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa Zuna na tsaye a bakin ƙofa da ludayi.

"Baban Rafika, me nake ji haka? Ranar Lahadi mutanen Kulgam za su zo neman auren 'yarka. Ba su taɓa ganin ka ba, mai dalilin aure ya cika musu kunne da labarin dattijo mai kwarjini. Da wace fuska za ka tare su?"

"Da wannan, da kuma kifi a faranti."

"Kai da ko ruwan alwala sai an ɗumama maka?"

"Ke dai nemo mini akwatin zare. Mace ba ta san sha'anin rafi ba."

"Rafin da nake wanke rigunanka a ciki tunda aka kawo ni gidan nan? To, Allah ya ba da sa'a. Tsuntsun da ya ja ruwa dai."

Abu na farko da ake buƙata shi ne gashin wuyan zakara, kuma zakaran da ya fi kowanne a Sarnagam na Fazi Ded ne, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda harshenta kan yi aikin almakashi. Roƙo ba ya cikin ɗabi'ar Wosta. Ya ɗebi shinkafa ya zagaya bayan garke, ya yi ta watsawa har zakara ya matso, ya cafke shi ya cusa cikin feran. Ya fara fizgar gashi a ɓoye, yana tafe yana fito kamar mai shan iska.

Abin da bai lissafa ba shi ne, cikin rigar nan akwai kangiri mai garwashi. Zakara ya ji zafi a ƙasa, ya ji fizga a sama, ya ce ba da shi ba. Masu wucewa suka ga Wosta Rustum, dattijo mai 'ya a gaban aure, yana tsalle a tsakiyar hanya, rigarsa na kumbura tana sacewa, tana kuma cara.

Fazi Ded ta fito da tsintsiya.

"Wosta, me ke cara a rigarka?"

"Cikina ne, Ded. Wake na ci jiya."

Bai rufe baki ba zakara ya zuro kai ta wuyan riga, dab da kumatunsa, wuya tsirara ja wur, ya ɗaga murya ya yi cara mai tsawo.

"Wayyo ni! Zakarana! Ka mai da mini shi ungulu! Wace kaza za ta sake kallon sa?"

"Zai tsiro, Ded. Gashi ai tsirowa yake."

"Ka riƙe wannan magana da kyau, za ta yi maka amfani ranar da Jabbar ya gama da kai!"

Ya shige gida da yagaggen ciki da dunƙulen gashi a hannu, ya kulle kansa a ɗakin aiki. Da ya fito, ya fito da abin da Sarnagam ba ta taɓa gani ba. Ƙuda ne da ya kai ɗan tsako girma, jikinsa naɗe da zaren zinariya, fukafukai na jan siliki da surfani a gefe, idanu na duwatsun ado har da layin kwalli, wutsiya kuwa tuntu ce mai walƙiya. Ya sa masa suna Amarya.

Zuna ta ƙura wa wutsiyar ido.

"Wannan tuntun kamar na san shi."

"Duk tuntu kama suke yi."

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati, ta fito da mayafin aurenta, kusurwa ɗaya a guntule. Ba ta yi faɗa ba. A daren nan dai Wosta ya ci shinkafa da ganye ba gishiri, shayin safe kuma, wanda da ma da ɗan gishiri muke shan sa, ya sha gishirin duka biyun.

Sanda kuwa Mahda Ju ne ya ara masa, da hannu bibbiyu, don tsohon ya ce rabonsa da kallo mai daɗi tun bikin jikarsa. Wosta ya sayo takardar izinin yini guda, ya fito layin gidansu gwaji. Jifan farko ya sauko da jerin barkonon da Zuna ta rataya a taga. Na biyu ya naɗe wuyan ɗan maraƙi. A na uku zare ya tafi baya, ya ji nauyi, ya fizgo da ƙarfi, sai ga hular liman ta wuce ta kansa ta faɗa kwata.

Liman ya tsaya da kai a buɗe, ya dubi hula, ya dubi Wosta.

"Wosta, agogona bai ishe ka ba?"

"Ka ga saiti ko, Malam? Ban ko waiwaya ba!"

Ƙuda ba ya shawara da kowa kafin ya fito, sai ya zaɓi ranar Lahadi. Da hantsi gari ya yi lumshi, iska ta kwanta, sai ga su suna ɓullowa daga ruwa, ɗaiɗai da farko, can kuma sai rafi ya rufe kamar ana sheƙe ƙaiƙayi. Ko'ina ka duba kifi na tasowa, saman ruwa sai zobe yake yi. A ƙarƙashin gada kuwa, can ba can ba, sai ka ga wani faffaɗan baki ya buɗe a natse ya haɗiye ƙuda ya koma. Zaildar na karin kumallo.

Gari ya watse zuwa gada. Sula ya rufe tanderu, mata suka bar wanki, Fazi Ded ta zo da zakaranta a hammata don ya ga sakayya da idonsa. Jabbar ya ɗauko kujerar aski ya dasa a bakin ruwa, ya rataya fatar wasa aska a reshe, ya shiga wasawa a hankali, shuu, shuu, yana murmushi.

Wosta ya iso a makare da gangan, gashin baki a murɗe, Amarya na lilo a bakin zare tana ɗaukar ido. Ya ɗaga wa jama'a hannu.

"Ku matsa baya. Kuma a tanadi babban faranti, ba na son a lanƙwasa masa wutsiya."

Ya kaɗa sanda ya saki. Amarya ta tashi sama, ta juya, ta faɗo tsulum kamar an jefa dutsen niƙa. Duk zoben da ke saman ruwa suka ɓace. Kifayen da suka shekara suna jiran wannan rana suka bar abinci suka nemi maɓoya. Amarya kuwa ta nutse da kayan adonta.

"Amarya ta shiga lalle!" wani ya yi ihu daga gada.

"Gaisuwa ta je yi," in ji Wosta. "Babba ba a tsaya masa a ka."

"Ƙuda ba ya nutsewa, Wosta," in ji Mahda Ju, yana miƙo ɗan gwangwani. "Kitsen rago ne. Ɗan kaɗan ake shafawa, da bakin yatsa."

"Kaɗan na ƙananan ƙudaje ne."

Ya zura yatsu huɗu ya kwashe gwangwanin tas, ya mulke Amarya har ta daina walƙiya ta koma maiƙo. Sannan, kamar yadda ya saba in zai yi babban abu, ya sa hannu biyu ya murza gashin baki tun daga tushe har ƙarshe. Ragowar kitsen ya ƙare a can.

Jifa na gaba ya maƙale a reshe, aka sha wuya kafin a ciro. Na bayansa ya kama rawanin mai tallan kifi, wanda ya ce wannan cin fuska ne. Can dai Allah ya taimaka, Amarya ta sauka a tsakiyar gurbi, ta zauna a saman ruwa tana juyi a hankali, ja da zinariya, abin sha'awa. Wosta ya juya wa ruwa baya don ya ga fuskokin mutane.

"Kun gani? Haka ake..."

Sanda ta lanƙwashe. Zare ya yi ƙara.

"Ya ci! Ya ci! Zaildar ne! Jabbar, naɗe fatarka ka tafi gida!"

Ya dage yana ja, abin na ja, ya turje da ƙafa yana kiran sunayen kakanninsa. Mutane na ta ihu, shi ya ɗauka kirari ne. Sai da abin da ke bakin zaren ya tashi sama yana fuffuka yana kwak-kwak sannan Wosta ya waiwaya. Toron agwagwa ne, ya cafki Amarya ta fiffike ya ƙi saki. Na wa? Ai kun sani.

"Jiya zakara, yau agwagwa!" Fazi Ded ta kwarma daga kan gada. "Gobe ni za ka kama ko?"

"Wannan ƙugiyar ba za ta iya ba, Ded!" in ji Sula.

Toron ya tsinke fiffike ɗaya ya yi gaba da shi. Amarya ta dawo a tuɓe, ido ɗaya, ba kwalli.

Rana ta karkata. Ladan ya leƙo daga gada ya dubi inuwa, ya gyara murya. Jabbar ya fara kaɗa sabulu a kwano. A karo na farko gaban Wosta ya faɗi, ya kai hannu ya taɓa gashin bakinsa kamar mai lallashin yaro. Amma bakinsa bai san gaba ya faɗi ba.

"Na gane kuskuren," ya ce da ƙarfi. "Hakimi ba a aika masa. Zuwa ake yi."

"Wosta, ruwan ƙanƙara ne," in ji Mahda Ju. "Duwatsun kuma santsi gare su."

"Ni da na haye kogin Jhelum ina yaro?"

"A kwalekwale," Zuna ta ce daga cikin mata.

Ya tuɓe takalma ya shiga, da feran ɗinsa na ulu har gwiwa. Hannun dama na riƙe da sanda. Hannun hagu kuwa yana inda hannun hagun kowane ɗan garinmu yake in akwai sanyi: a cikin riga, a zare daga hannun rigar, rungume da kangiri. Mu ba ma jin kangiri a jiki, kamar yadda mutum ba ya jin nauyin kunnensa. Ba shi kaɗai ba, duk gadar nan babu wanda ya tuna.

Ruwa ya kai gwiwa, haƙoran Wosta na kaɗawa. Ya kai cinya, yana salati. Ya kai ƙugu, sai aka ji cuuu! Tururi da toka suka yi sama ta wuyan riga kamar butar shayi ta tafasa. Wosta ya ƙwalla ƙara ya yi tsalle, ƙafa ta zame, ya zauna daɓas a wani rami tsakanin duwatsu biyu, dab da gurbin Zaildar. Zare ya naɗe masa hannun dama da sanda a jikinsa. Ulu ya sha ruwa ya danne shi. Ruwa ya tsaya masa daidai leɓe, ya ɗaga hanci sama yana numfashi da ƙyar.

Gashin baki kuwa, da yake ya sha kitsen rago, bai nutse ba. Ya baje a saman ruwa, dama da hagu, yana lilo a hankali. Ƙudajen da ruwa ke kawowa suka fara maƙalewa a jiki, ɗaya, biyu, har ya yi fal, fukafukansu na rawa.

Maza sun fara tuɓe takalma za su shiga ceto, Mahda Ju ya ɗaga hannu.

"Kar wanda ya motsa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ku duba."

Wata inuwa ta taso daga ƙarƙashin gada. Ba ta yi gaggawa ba. Ta zagaya kan Wosta sau ɗaya, kamar mai duba haraji, ta tsaya a gefen hagu. Wosta ya karkato ido ya ga wani ido na kallon sa. Faffaɗan bakin nan ya buɗe, ya rufe a kan rabin gashin bakin Wosta Rustum Wagay.

Gada ta ɗauka.

"Kama shi! Kama shi, Wosta!"

"Rungume shi!"

"Fito da hannun! Saki kangirin, bawan Allah, saki kangirin!"

Ga Zaildar a fuskarsa, kifin da manyan birni suka kasa gani da kyau, jajayen ɗigonsa a fili, ba abin da ya rage sai a sa hannu. Amma hannun dama na ɗaure, na hagu kuma na yawo cikin jiƙaƙƙen ulu yana neman ƙofa, har yanzu da kangiri a riƙe. Aka ga riga na tsalle nan da can ƙarƙashin ruwa. Wosta na son ya yi magana, karo na farko a rayuwarsa babu hali. Zaildar ya girgiza kai sau biyu, ya fizge abin da ya fizga, ya juya ya shimfiɗa wa Wosta wutsiya a kumatu, fau, har mutanen ƙarshen gada suka ji. Ya koma gurbinsa a natse.

Daidai nan ladan ya kira la'asar.

Da aka tsamo shi aka zaunar a rana, yana karkarwa, gefen hagu a tsuge kamar wuyan zakaran Fazi Ded, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ba su san Wosta ba.

"To," ya ce, haƙora na haɗuwa, "kun dai gani da idonku. Na kama shi."

"Shi ya kama ka," in ji Jabbar.

"Da bakina na riƙe shi!"

"Da nasa ya riƙe ka."

"Wa ya taɓa sa Zaildar ya taso a garin nan? Wa ya taɓa haɗa fuska da shi? Mahda Ju, faɗi tsakaninka da Allah!"

"Tasowa kam ya taso," in ji tsohon. "Ban taɓa ganin ci mai kyau irin wannan ba."

"Kun ji!"

"Dakalina dai babu kowa a kai," in ji Sula.

Gardama ta kaure, wasu na nan wasu na can, don akwai masu ganin abin da kifi ya bari bai kamata a ƙarasa ba. Sai liman ya ce a nemi wanda ba ɗan gari ba ya raba. Aka yi sa'a akwai wani baƙo, dattijo mai farar kamala da hular fatar ɗan rago, wanda motar haya ta sauke tun ɗazu, cunkoso ya hana shi haye gada, ya tsaya ya kalli komai. Aka jawo shi gaba aka zayyana masa.

Baƙon ya shafa gemu.

"Me aka yi alkawari? Kifi a kan dakali, ko sumba a cikin ruwa?"

"Kifi a kan dakali!"

"To ai ba shari'a a nan. Alkawari kaya ne. Kuma, bawan Allah," ya juya ga Wosta da tausasawa, "yadda ya koma ɗin nan, askewar ma rufin asiri ce."

Jabbar ya karkaɗe kujera. Wosta ya zauna, ya rufe ido. Da aska ta taɓa leɓensa wani hawaye ya gangaro ya shiga cikin kumfa, har mu masu dariya sai da jikinmu ya yi sanyi, don mun taso mun tarar da gashin bakin nan kamar yadda muka tarar da gada. Jabbar kansa ya sassauta hannu. Amma bai tsaya ba.

Gashi na faɗuwa ƙasa, Mahda Ju ya sunkuya kamar zai gyara takalmi, ya tsinci tsagi ɗaya ya cusa a aljihu. Wani ya gan shi. Kafin ka ce kwabo duk mai sandar fatsa a Sarnagam ya durƙusa gindin kujera ana ture-ture, kowa na son abin da Zaildar ya ci da bakinsa. Har liman an gani yana tattare wani abu da gefen ƙafa.

Baƙon ya share hawayen dariya, ya gyara hula, ya dafa kafaɗar Sula.

"Ɗan'uwa, na makara. Daga Kulgam nake, gidan Wosta Rustum Wagay nake nema. An ce ba zan ɓata ba, in dai nemi mai gashin baki."

Sula ya dubi masu wawaso a ƙasa, ya dubi mutumin da ke kujera da tawul a wuya.

"Haji, gashin bakin dai ga shi can ana rabo. Mai shi kuma ga shi nan, ka gama yanke masa hukunci."

Wosta ya fizgi tawul ya rufe rabin fuskarsa, ya miƙe yana ɗiga, ya miƙa hannu.

"Marhabin da Haji! Ka zo a sa'a. Da ma na shirya maka ɗan wasa ne a rafi, don kar a ce mun tare ka hannu sake."

Haka suka nufi gida, Haji a gaba yana ta danne dariya har kafaɗunsa na rawa, Wosta a gefe yana bayani ta cikin tawul yadda da an ƙara masa ɗan lokaci da da haƙori zai fito da kifin, rabin gari kuma a baya. Zuna ta riga su isa, ta shimfiɗa wa baƙo darduma, ta sa Rafika ta ɗora butar shayi. Ta yi wa Haji sannu da zuwa ya shige. Da mijinta ya zo wucewa sai ta tare ƙofa.

"Cire."

"Mura nake ji, Zuna."

"Cire, na ce. Ba za ka sha shayi da suruki ta cikin tawul ba."

Ya sauke a hankali. Ta daɗe tana kallon wurin, fari fat, tsirara, ɗan leɓe siriri yana rawa saboda sanyi. Tunda aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin sa ba. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah," ta ce. "Baban Rafika, ashe duk surutun nan daga ɗan wannan bakin yake fitowa?"